Tarihin Al-Kindi, Mutumin Kufa Da Ya Kwance Rubutun Asiri Da Ƙirga

Duk wanda ya daɗe da zaman shago a cikinmu ya san wata 'yar dabara da muka gada daga iyayen gidanmu. Idan kaya suka sauka, ba ma rubuta kuɗin sari a fili a jikin kwali, don kada mai saye ya leƙa ya san uwar kuɗinmu. Sai mu zaɓi wata kalma mai harafi goma, kowane harafi ya tsaya a madadin lamba ɗaya, daga 1 har zuwa sifiri, mu riƙa rubuta farashi da su. To amma duk mun san yadda abin yake ƙarewa. Yaron shago mai wayo ba ya wata uku sai ya gano mu. Babu wanda ya gaya masa kalmar. Lura kawai ya yi akwai wani harafi da kusan kullum shi ne a ƙarshe, ya kuma san kuɗin kaya galibi da sifiri yake ƙarewa. Da ya kama sifiri, sauran sai su biyo ɗaya bayan ɗaya kamar warwarar zare.

Wannan abin da yaron shago yake yi da ka, akwai wanda ya zauna ya rubuta shi a matsayin ilimi mai ƙa'ida sama da shekara 1,100 da suka wuce, kuma littafinsa shi ne mafi daɗewa da ya iso hannun mutane a kan wannan fanni. Sunansa Abu Yusuf Yaƙubu ɗan Is'haƙa al-Kindi. Shi muka ɗauko a wannan fitowa.

An haife shi a Kufa ta ƙasar Iraƙi wajejen shekara ta 801 Miladiyya, wato kusan 185 bayan Hijira. Ɗan babban gida ne. Ubansa ya riƙe gwamnan Kufa a zamanin Halifa Mahdi da na Haruna Rashid, salsalarsu kuwa tana tuƙewa ga Ash'as ɗan Ƙaisu, shugaban ƙabilar Kinda wanda ya yi zamani da Manzon Allah (SAW). Daga sunan ƙabilar ne aka sami al-Kindi. A wancan lokaci galibin masu harkar falsafa da likitanci a Bagadaza Farisawa ne da Kiristoci masu harshen Suryananci, shi ya sa da aka ga Balarabe ɗan asali ya shiga fagen har ya yi fice, sai aka laƙaba masa Failasufin Larabawa. Laƙabin ya bi shi har yau.

Tauraronsa ya fara haskawa ne a fadar Halifa Mamun, wanda ya yi mulki daga 813 zuwa 833, lokacin da ake kashe dukiya mai yawa wajen juya littattafan Girkawa zuwa Larabci. Shi al-Kindi ba tafinta ba ne. Aikinsa shi ne ya tara masu fassara, ya duba abin da suka yi, ya gyara Larabcin, ya kuma samo wa sababbin ma'anoni kalmomin da za su zauna a bakin Balarabe. A wani littafi da ya rubuta wa Halifa Mu'utasim ya tsaya kai da fata a kan cewa babu abin kunya ga mutum ya karɓi gaskiya daga baƙin al'ummu. Mu'utasim ya yarda da shi ƙwarai, har ya damƙa masa karatun ɗansa Ahmad. Don mai karatu ya san zamanin da muke magana, al-Kindi ya rayu tare da Imamu Ahmad ɗan Hambali da Imamu Buhari da kuma Hawarizmi mai littafin aljabara. A shekarun da Imamu Ahmad yake shan bulala da ɗauri a kan rigimar halittar Alƙur'ani, al-Kindi yana cikin ni'imar fada. Wannan kusanci da masu mulki shi ya ɗaga shi, shi ne kuma ya zo ya kayar da shi daga baya.

Wani ɗan kasuwa irinmu, mai sana'ar littattafai a Bagadaza, Ibnu Nadim, ya rubuta jerin littattafan da aka sani a zamaninsa a shekara ta 987, ya kawo sunayen rubuce-rubucen al-Kindi sama da 200. In ka duba jerin sai ka riƙe baki. Ya yi rubutu a kan irin takubba da ƙarfen da ake ƙera su, da haɗa turare, da auna ƙarfin magani idan an gauraya shi da wani, da yadda ido yake gani, da cika da janyewar teku, da kiɗa, da yadda ake lissafi da alƙaluman Indiya, waɗannan dai 1, 2, 3 da muke rubuta rasit da su yau. Har ila yau ya yi raddi ga masu cewa suna iya mayar da tagulla ta koma zinariya, ya tona yaudararsu. Ashe 'yan damfara ba yau suka fara ba.

Shi Ibnu Nadim ɗin bai ɓoye ba, ya ce mutumin marowaci ne. Akwai ma wani labari a littafin Jahiz na marowata, na wani mai gidan haya mai suna al-Kindi, wanda yake karɓar dirhami 30 a wata daga ɗan hayarsa mai iyali shida. Da ya ji baƙi biyu sun sauka za su yi wata guda, sai ya aika da takarda cewa kowane kai dirhami 5 ne, saboda haka haya ta koma 40. Malaman tarihi sun yi saɓani a kan ko shi ne ko wani mai irin sunansa. Mu dai da muka san zaman haya a garin mutane, wannan lissafi bai yi mana baƙo ba.

Wani labarin kuma yana nuna irin dabararsa da abokan gaba. Akwai wani mai karatun hadisi a Bagadaza, Abu Ma'ashar, da ya sa shi gaba yana zuga jama'a a kansa saboda falsafa. Al-Kindi bai tanka masa ba. Sai ya tura wani a asirce ya riƙa kwaɗaita masa ilimin lissafi. Abu Ma'ashar ya faɗa ciki, daga nan ya zarce ilimin taurari yana da shekara 47, ya shagala, al-Kindi ya huta.

Yanzu sai mu zo kan littafin da ya sa muka ɗauko shi. Daular Abbasiyawa ta miƙe tun daga Afirka ta Arewa har iyakar Indiya, kuma da wasiƙa ake tafiyar da ita. Manzanni suna kan hanya dare da rana, wasiƙa kuwa tana iya faɗawa hannun da bai dace ba. Don haka magatakarda suke ɓoye saƙo ta hanyar musanya haruffa, wato duk inda alif ya zo a sa wata alama, duk inda ba ya zo a sa wata. Larabawa suna kiran irin wannan rubutu mu'amma, wato abin da aka makantar. Al-Kindi ya rubuta wa ɗalibinsa Ahmad ɗan Mu'utasim wata 'yar risala a kan yadda ake fito da ma'anar mu'amma ba tare da an ba ka mabuɗi ba.

A duba girman aikin tukuna. Haruffan Larabci 28 ne. Yawan hanyoyin da za a iya musanya su da juna lamba ce mai alƙaluma 30. Ko da mutum yana da injin da zai gwada hanya biliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, sai ya haura shekara tiriliyan 9 kafin ya gama da su. Ke nan mai ɓoye saƙo yana da dalilin yin barci da minshari. Al-Kindi sai ya nuna ai ba a bukatar gwada ko ɗaya daga ciki. Kowane harshe yana da haruffan da ya fi so. Ka canja wa harafi riga yadda ka ga dama, yawan fitowarsa yana nan bai canja ba. Saboda haka sai a samo wani rubutu na fili a harshen, mai ɗan tsawo, a ƙirga sau nawa kowane harafi ya fito, a jera su daga mai yawa zuwa maras yawa. Sa'an nan a ƙirga alamomin da ke cikin rubutun asirin, su ma a jera. Alamar da ta fi yawa, mai yiwuwa ita ce harafin da ya fi yawa, ta biyu ita ce na biyu, haka har a sami bakin zaren.

Bai tsaya ga faɗa da baki ba, ya zauna ya ƙirga da kansa. A cikin wani rubutu mai harafi 3,667 ya sami alif sau 600, lam na bin sa, sai mim. Ya kuma tsara haruffan da ba sa haɗuwa da juna a kalmar Larabci, da waɗanda suke yawan tafiya tare kamar alif da lam. Ya ja hankali ga yadda ake buɗe wasiƙa, domin wanda ya san da Bismillah aka fara ya riga ya sami haruffa da dama kyauta. Ya yi gargaɗi kuma cewa ƙirgan ba ya cin gajeren saƙo, sai rubutu ya yi tsawo kafin halin harshen ya fito.

Mu gwada da namu harshen don abin ya zauna. A rubutun boko na Hausa babu harafin da ya kama ƙafar a. Duk wanda ya kawo mana wasiƙar asiri da Hausa, alamar da ta cika takardar ita ce a. Daga nan sai mu nemi ƙananan kalmomi masu harafi biyu da suka ƙare da ita: da, na, ta, ya, ba, ga. Wadda ta fi yawa a cikinsu galibi da ce, mun sami d ke nan. In kuwa mai wasiƙar ya fara da assalamu alaikum, ya gama kashe kansa, don kalma mai harafi takwas wadda na biyu da na uku iri ɗaya ne ba ta ɓuya. A nan take ya miƙa mana harafi bakwai.

A ganinmu abin da ya sa wannan risala ta yi nauyi shi ne, kafin ita mai kwance asiri yana dogara ne ga kaifin basira da sa'a, bayanta kuwa duk mai haƙurin ƙirga zai iya. Kuma ba daga sama ta faɗo masa ba. Malaman Basra da Kufa sun daɗe suna ƙirga haruffa da kalmomin Alƙur'ani, Halilu ɗan Ahmad mai ilimin aruli kuma ya riga ya lissafa yawan kalmomin da za a iya ginawa daga haruffan Larabci. Shi ma Halilu an ambaci ya yi littafi a kan mu'amma, sai dai bai iso gare mu ba. Al-Kindi ya ɗauki ƙirgan malaman nahawu ya haɗa da lissafin Indiya da na Girkawa.

Duniya rawar 'yan mata. A shekara ta 847 Mutawakkil ya hau gadon halifanci, iskar fada ta juya. Akwai wasu 'yan'uwa masana lissafi da ƙere-ƙere da ake kira Banu Musa, masu kuɗi da faɗa a ji, waɗanda ba sa son ganin kowa kusa da halifa in ba su ba. Biyu daga cikinsu, Muhammadu da Ahmad, suka yi ta saran al-Kindi har Mutawakkil ya sa aka yi masa duka, dattijo da shi. Suka kwashe littattafansa kaf, suka keɓe musu ɗaki na musamman da aka riƙa kira Kindiyya. Wanda aka taɓa kulle wa shago da kayansa a ciki shi zai fahimci wannan.

Yadda littattafan suka dawo, masu tarihi sun kawo shi kamar haka. Halifa ya ba Banu Musa aikin haƙa wata babbar hanyar ruwa zuwa sabon birnin da yake ginawa kusa da Samarra. Su kuma suka miƙa aikin ga wani masanin taurari, Fargani, wanda ya yi kuskuren awo, bakin hanyar ya fi sauran zurfi, ruwa ba zai gudana yadda ake so ba. Halifa ya yi rantsuwa in maganar ta tabbata zai tsire su a bakin ruwan, ya kuma kira wani masani, Sanad ɗan Ali, ya je ya duba. Shi ma Sanad ɗin Banu Musa sun taɓa yi masa irin wannan sara, kuma tsakaninsa da al-Kindi ba shiri. Suka zo suna roƙonsa ya rufa musu asiri. Ya ce ba zai saurare su ba sai sun mayar wa al-Kindi littattafansa. Suka mayar, suka karɓo takardar shaida da hannunsa. Sa'an nan Sanad ya gaya wa halifa aiki ya yi daidai, don ya san kogin Dijla yana cike, kuskuren ba zai fito ba sai bayan wata huɗu. Kafin ruwan ya janye aka kashe Mutawakkil, a shekara ta 861.

Al-Kindi ya sami littattafansa, amma bai sake samun matsayinsa na da ba. Ya rasu a Bagadaza wajejen 870, wasu sun ce 873. Allah ya jiƙan magabata.

Ilimin bai mutu da shi ba. Ibnu Adlan a ƙarni na 13 da Ibnu Duraihim mutumin Mausil a ƙarni na 14 sun ɗora a kai. Wani magatakardan Misira, Ƙalƙashandi, ya kwafo bayanin Ibnu Duraihim cikin babban littafinsa na aikin magatakarda mai juzu'i 14, wanda ya kammala a 1412. A cikin wannan littafi ne kuma aka adana wasiƙar da Mai na Borno ya aika wa Sarkin Misira Barƙuƙ wajejen 1391. Daga baya hanyar ƙirga ta bayyana a fadojin Turai. Da ita aka kwance wasiƙun Sarauniya Maryamu ta Sikotilan a 1586, aka kama ta da hannu a shirin kashe Sarauniyar Ingila, aka sare mata kai a 1587. Tun daga nan masu ɓoye saƙo suke neman yadda za su shafe sawun da harshe yake bari. Suka koma canja wa harafi riga a kowane taku, har aka kai ga injin Enigma na Jamus, wanda shi ma masana lissafi na Folan da Ingila suka karya.

Mai karatu zai ce ina ruwan ɗan kasuwa da wannan? Ruwa kuwa har wuya. Duk tiransifa da muke yi ta waya, da katin da muke zurawa a POS, da saƙon WhatsApp da muke aika wa gida Arewa, a kulle suke tafiya, kwaɗon kuwa lissafi ne zalla. Kwaɗon zamani yana dama saƙo har kowace alama ta fito daidai da 'yar'uwarta, mai ƙirga ya rasa abin kamawa. Sauran matsala ita ce yadda mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba za su yi musayar mabuɗi a bainar jama'a. A 1977 wasu masana uku a Amurka suka fito da hanyar da ake kira RSA. Asalinta mai sauƙi ne. In muka ce a ninka 89 sau 97, ɗan firamare zai ce 8,633. In kuwa muka ba da 8,633 muka ce a nemo lambobi biyu da suka haife ta, sai an yi gumi. To lambar da ake aiki da ita yau tana da alƙaluma 617. Mafi girma irinta da aka fasa a 2020 mai alƙaluma 250 ce, ita ma sai da aka tara kwamfutoci masu ɗimbin yawa.

A 1994 wani masani, Peter Shor, ya nuna a takarda cewa wata irin kwamfuta da ake kira ta kwantam, mai aiki da halayen ƙananan ƙwayoyin halitta, za ta iya fasa irin wannan lamba cikin ɗan lokaci, tare da ɗaya kwaɗon da wayoyinmu suka fi amfani da shi. Dabararsa kuwa ita ce gano inda jerin lambobi yake maimaita kansa, kusan abin da mutumin Kufa ya nema a cikin haruffa. Har yanzu ba a ƙera mai ƙarfin yin wannan aiki ba. Abin tsoron shi ne, mai haƙuri yana iya kwafe saƙonnin mutane a kulle yau ya ajiye, ya jira ranar da injin zai samu.

Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta buɗe gasa a 2016 don neman sabon kwaɗo, ta kuma fitar da guda uku na farko a watan Agusta 2024. Babban cikinsu ya dogara ne ga wani lissafi da ɗan kasuwa zai gane. A ce an ba ka rasit masu yawa, kowanne ya nuna kwano nawa na shinkafa da wake da gero aka saya da jimillar kuɗi, amma babu farashin kowanne. Da ɗan zama za ka fito da farashin. To a ce kayan iri ɗari-ɗari ne, kowace jimilla kuma an yi mata ɗan ƙari ko ragi da gangan, sa'an nan ba a rubuta ta duka ba sai abin da ya saura bayan an raba ta da 3,329. Wannan ɗan kuskuren da aka zuba shi ne yake rikita mai bincike, kuma har yau ba a san hanyar da kwamfuta, ta yau ko ta kwantam, za ta warware shi da sauri ba. Manhajar Signal ta fara sa irin wannan kwaɗo a 2023, kamfanin Apple ya bi a 2024. Ba duk 'yan gasar ne suka kai labari ba. Wani mai suna SIKE ya yi shekara biyar ana yaba shi, sai a 2022 wasu masana biyu a Beljiyam suka karya shi da kwamfuta ta yau da kullum cikin kamar awa guda.

Ita kuwa risalar al-Kindi, ta yi ɗaruruwan shekaru kwance cikin wani kundi a birnin Istambul, masu rubuta tarihin wannan fanni ba su san da ita ba. Ko babban littafin da Ba'amurke David Kahn ya fitar a 1967, wanda ya ce a hannun Larabawa ilimin ya fara, a kan bayanin Ƙalƙashandi ya dogara. Sai da wasu malamai uku na ƙasar Sham, Muhammad Marayati da Yahaya Mir Alam da Hassan Ɗayyan, suka bi sawun tsofaffin takardu suka gano ta a ɗakin karatu na Sulaimaniyya. Suka buga ta a Dimashƙa a 1987, sama da shekara 1,100 bayan rasuwar mai ita.